Na tafi sayar da faƙon babana a ƙasar Gwadabawa

Gona na tafi sayarwa, wannan ita ce gaskiyar magana. Babanmu Allah ya jiƙansa ya bar mana wata gona a ƙauyensu can ƙasar Gwadabawa, kuma tun muna yara abin da muke ji a gida shi ne gonar ta mutu, ta zama faƙo, ko tumfafiya da ƙyar take tsira a cikinta. Mu a Mabera aka haife mu, a birni muka tashi, babu wanda ya taɓa riƙe sungumi a cikinmu. To sai ga wani mutumin ƙauyen ya samu lambata ya kira ni har sau uku wai yana so ya saya, ni da ƙannena muka zauna muka ce ai gara a karɓi ɗan abin da ya samu a raba tunda shekara da shekaru ko damin kara ba a taɓa kawo mana daga can ba. Abin da ya tsaya min a rai kawai shi ne, me mutum zai yi da faƙo har yake ta kira haka kamar ana tsere da shi.

Akwai wani abokina da muka yi sakandare tare, malamin gona ne kuma a yankin yake aiki. Da na ba shi labari sai ya ce in jira Asabar mu tafi tare don yana da zama da ƙungiyar manoman garin, kuma ya roƙe ni kar in karɓi ko sisin kowa sai ya nuna min wani abu.

Tsakiyar Afrilu ne, wanda ya san Sakkwato ya san me ake nufi, zafi ya wuce digiri 40 kusan kullum, shi ya sa muna idar da asuba muka nufi Tashar Illela muka shiga mota. Da muka hau gadar gulbin Rima na leƙa, ruwan ya tsuke ya koma ɗan siriri, yashi ya fito fili tsibi-tsibi, amma fadama shar take, ga shinkafar rani ga kayan lambu ga ƙarar injinan ban ruwa ta ko'ina. Sai na tuna 2010, watan Satumba, lokacin da wannan gulbin ya cika ya batse ya cinye garuruwa da gonaki har ya yanke gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗalibai da malamai sai da kwalekwale. Shekara takwas bayan nan, a 2018, sai ga labari madatsar Goronyo wadda aka gina ta ɗauki ruwa sama da kubik mita miliyan 900 ta janye har hankalin mutanen birni ya tashi kan ruwan famfo. Gulbi ɗaya fa. Na faɗa wa abokina haka, sai ya ce in tuna kalar ruwan nan a watan Yuli, jajawur kamar kunun kanwa, ya ce to wannan jan gonakin mutanen tudu ne ke wucewa ta ƙarƙashin gada, ƙasar da ya kamata ta ba da hatsi ita ce ke zuwa tana cike gulbi da madatsu, gulbin da ya cike kuwa ba ya riƙe ruwa, da damina ya yi ambaliya da rani ya ƙafe.

Muna wuce Kware ƙasa ta canza. Dogon yaro a bakin titi, dammunan itacen girki an jera ana sayarwa, can nesa tudu ja mai tsakuwa da marmara, ga kwazazzabai sun tsattsaga shi wasu har sun kusa cin kwalta. A Gwadabawa muka sauka muka hau kabu-kabu muka yanki daji.

Baffana ƙanin babanmu muka fara sauka wurinsa, rabona da shi tun zaman makoki. Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba yana ta tambayar mutan gida ɗaya bayan ɗaya, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya daga randa. Bai ce min komai kan gonar ba sai da na sha na ƙoshi, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, na ji labari ka zaka saida gonab babanka. Taku ta, ba ni hana ku. Amma ka tahi ka ga tawa tukun." Na ce to Baffa.

Zaman ƙungiyar a gindin wata tsamiya ake yinsa kusa da masallaci. Ni na ɗauka irin bitar da na saba gani ce a birni, kujerun roba da lasifika da fom na sa hannu a karɓi alawus, sai na tarar tabarmi ne da buhuna, mutum kamar talatin, ga Sarkin Noma ga liman ga wakilin hakimi, ga ardon Fulanin da ke mashekari kusa, mata kuma suna daga can gefe bayan danga suna ji. Abin da na fara lura da shi shi ne kusan duk furfura ce da yara ƙanana. Samari sun tafi cin rani, wasu Legas wasu Ibadan wasu Fatakwal, sai ruwa ya sauka za su fara dawowa. Ku riƙe wannan don zan dawo kansa.

Abokina bai yi dogon jawabi ba. Cewa ya yi a tashi a bi shi, aka ɗunguma zuwa bayan gari inda faƙo ya fara, ya sa yara biyu suka ciko butoci. Ya tsiyaye buta ɗaya a kan faƙon, wallahi kamar a kan siminti, ruwan ya tattara ya yi ɗan siririn layi ya gangara abinsa, da ya wuce aka ƙwaƙule wurin da tsinke ko kaurin farce bai jiƙa ba. Sai ya matsa taku kaɗan inda gonar Sarkin Noma ta fara, akwai wasu ramuka a jere na bara, ya tsiyaye ta biyun a cikin ɗaya. Ruwan ya tsaya ya yi ɗan kumfa, muna kallo yana raguwa har ya shige duka. Sarkin Noma ya durƙusa ya sa hannu ya yaye ƙasar bakin ramin ya ce in matso, na ga ƙananan ƙofofi barkatai kamar an tsattsaka allura babba, ƙasar ta yi baƙi-baƙi da laushi tana ƙanshin turɓayar farkon damina. Ya ce, "Gara ta. Da muna zaginta, yanzu ita ka yi muna aiki." Takin da ake zubawa a ramin shi ke kiran gara, ita kuma ta dinga huda faƙon tana yin hanyoyi zuwa ƙasa, ruwa ya bi.

Waɗannan ramukan su ake kira tassa. Faɗin kowanne kamar taƙi ɗaya ko ya ɗan fi, wato santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 15 ko 20, tsakanin rami da rami taku guda. Ƙasar da aka haƙo ba a watsar da ita, ana tara ta ne a bakin ramin ta hannun gangare ta zama kamar ɗan kunne mai tare ruwa, kuma layi na biyu ba ya bin bayan na farko daidai, ana gocewa ne yadda ruwan da ya kuɓuce wa rami ɗaya zai faɗa na gabansa. A zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu, iskar bazara kuma ta yi ta kwaso ganye da ƙaiƙayi da ƙura tana zubawa a ciki kyauta. In ruwa ya sauka sai a shuka gero ko dawa a ramin. Amfanin babba shi ne lokacin da ruwa ya ɗauke kwana 10 ko sati biyu bayan shuka, wanda mu nan kusan duk shekara sai an yi, shukar fili ta ƙone a sake, ta cikin tassa kuwa tana nan da danshinta.

Na tambayi inda suka samo abin. Sarkin Noma ya nuna arewa da haɓa ya ce wurin 'yan'uwanmu na hayi. Ƙanwarsa na aure a ƙasar Tawa a Nijar, da ya je biki ya ga hatsi tsaye a wurin da ya sani da can dutse ne zalla, ya tsaya kwana uku yana tambaya. Abokina ya ƙara min bayani a hanya, ya ce ai akwai wata Illela a jihar Tawa ban da tamu ta Sakkwato, a 1989 aka kwashi wasu manomanta aka kai su yankin Yatenga na Burkina Faso suka ga ramukan da can ake kira zai, irin waɗanda wani manomin can Yacouba Sawadogo ya shahara da su har ya samu wata babbar kyauta ta duniya a 2018, suka dawo suka gwada, shekarar da ta biyo baya ruwa ya yi ƙaranci kuma masu ramuka ne suka samu abin kai wa rumbu. Daga nan abin ya bazu gari gari, har ta kai mutane suna neman faƙo suna saya don sun san yadda za su tayar da shi. Yana faɗar haka na tsaya cak a kan hanya. Sai lokacin na gane dalilin kiran waya sau uku. Kuma ban ga laifin mutumin ba, ya san abin da ban sani ba ne.

Gonar Baffa tana gangaren tudu, shi bai tsaya ga tassa kaɗai ba. A saman gonar inda ruwa ya fi gudu ya yi rabin wata, wato a shata rabin da'ira mai faɗin kamar mita 4, a haƙe cikinta kaɗan a tara ƙasar a bayanta, bakinta na kallon inda ruwa ke fitowa, hekta ɗaya tana cin ɗari uku da 'yan kai. A cikinsu na ga ragowar karan dawa da 'yan bagaruwa da aduwa da suka tsiro da kansu daga cikin takin awaki. Ƙasa da su kuma layukan duwatsu ne a kwance sun ratsa gonar, tsayinsu bai kai gwiwa ba, ba sa hana ruwa wucewa sai dai su karya masa gudu ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Baffa ya soka sandarsa a bayan layi ɗaya ta shige kusan taƙi guda cikin lallausar ƙasa, ya zare ya soka a gaban layin ta yi ƙwas. A jikin duwatsun ya dasa gamba, saiwarta na riƙe ƙasa, in ta girma kuma ya yanka ya yi zana.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke gane inda za a ja layin, don in layi ya karkace ruwa zai taru a gefe ɗaya ya fasa ya yi sabon kwazazzabo, gara ma ba a yi ba. Tiyo ne fari irin na magina mai tsawon kamar mita 10, an cika shi da ruwa an ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna masu zane. Yaro ɗaya ya tsaya da sandarsa, ɗayan ya yi ta matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya a zane ɗaya a sandunan biyu, to nan da nan daidai suke, sai a zuba toka a yi alama a ci gaba. Wata yarinya jikar Baffa da ba ta wuce shekara 12 ba ita ke karanta zanen tana cewa "ƙara bisa, ƙara kaɗan, tsaya nan", dattawa na bin umarninta. Abokina ya ce sau biyu kawai ya nuna musu, yanzu har ƙauyukan kusa ake aron tiyon da yaran.

Sai itatuwa. A bakin hanyar shiga gari akwai wani fili da allon ƙarfe ya yi tsatsa, Baffa ya ce shekarun baya wasu baƙi sun zo da motoci da riguna da huluna, ba sai na kama suna ba, suka kawo dashe a leda fal mota, a ƙarshen damina fa, aka dasa aka ɗauki hoto aka tafi. Babu shinge, babu wanda aka ce shi ke da su, babu rijiya kusa. Kafin sanyi ya wuce awaki sun gama da su. Na ƙirga abin da ya rage a filin, dogon yaro huɗu. Raina ya ɓaci sosai don kuɗin da aka kashe a wannan rana ɗaya da ya sayi diga da shebur na gari guda.

A gonar Baffa kuwa akwai itatuwa sun fi arba'in kuma ko ɗaya bai dasa ba. Sassaben zamani suke ce masa. Da, in za a yi sassabe kafin damina sai a sare duk wani toho na sabara da kalgo da magarya a tara a ƙone, alhali kututturen na nan a ƙasa da ransa da saiwoyinsa masu zurfi, kowace shekara yana ƙoƙarin tashi ana sare shi. Yanzu sai a zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi a bari, a datse sauran, a ɗan sassabe na ƙasa don ya miƙe. Tunda saiwar tsohuwa ce ba ya bukatar ban ruwa, cikin shekara uku ya fi mutum tsawo. A Maraɗi aka fara yaɗa wannan tun 1983, wani ɗan Ostareliya Tony Rinaudo da manoman can, kuma an ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun tashi a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar ta wannan hanyar. Maraɗi fa, nan kusa da mu, Hausa ɗaya ƙasa iri ɗaya. Baffa ya fi ji da gawo, yana da ƙanana guda tara ya kewaye kowanne da ƙaya. Gawo shi ne iccen da ke kaɗe ganyensa da damina ya yi kore da rani, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa abincin bisashe ne a lokacin da babu ciyawa, bisashen kuma in sun zo shan inuwa su bar kashi a gindinsa. Ya ce a zamanin kakanmu gonakin nan duk gawo ne, farin 1973 da na 1984 da gatari suka tafi da su.

Da aka koma gindin tsamiya sai aka shiga ainihin rigimar, kuma a nan na gane aikin abokina ya wuce koyar da haƙa rami. Wani dattijo ya ce itace na kawo tsuntsaye su cinye hatsi. Wani ya ce shi tsoronsa ya raini icce ya girma a zo a ce ba shi da ikon taɓa reshensa. Wani ya ce an shiga gonarsa da dare an sare masa kalgo biyar. Ardo ya ce su ma suna da kuka, an matse burtali har shanu ba sa wucewa sai sun taka layin duwatsu a zo ana faɗa. An fi awa ana ja, abokina ya fi kowa yin shiru. A ƙarshe wakilin hakimi ya ce za a sa mai shela ya zaga cewa iccen da ke gonar mutum nasa ne, wanda aka kama da gatari a gonar wani zai biya, kuma ranar Litinin za a fita da ardo a sake shata burtali a kafa duwatsu. Ardo shi ma ya yi alkawarin bayan an cire amfani za su riƙa kwana da shanu a gonakin 'yan ƙungiya kamar yadda iyaye suka saba, su ci kara su bar taki a ba su hatsi. Liman ya rufe da hadisin nan da ke cewa babu musulmin da zai dasa icce ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci, face an rubuta masa sadaka, ya ce zai maimaita a huɗubar Juma'a.

Yanzu maganar samari. Tassa da rani ake haƙa ta, daga bayan sanyi zuwa faɗuwar ruwa, lokacin da ƙasa ta fi tauri rana ta fi zafi rumbu ya fara yin ƙasa, kuma daidai lokacin ne masu ƙarfin suke kudu. Hekta ɗaya tana cin rami dubu 10 ko fiye, aikin da ake lissafa shi da awa kusan 300 na mutum guda. Tsoho mai shekara 70 zai yi nawa? Abin da suka yi shi ne suka farfaɗo da gayya, kowane ɗan ƙungiya yana ajiye tiya biyu ta hatsi da kaka, da ita ake dama furar masu aiki, ana zagayawa gona gona sau biyu a sati daga asuba zuwa hantsi. Sarkin Noma ya ce da ruwan ciki aka jan na rijiya, ba ka cewa mai yunwa ya ɗauki diga. Duk da haka a shekara ba su wuce gona shida ko bakwai. Ni a ganina duk mai son ya taimaki waɗannan mutane to nan ne wurin, ya samar da abin da zai sa saurayi ya ga zaman wata biyu a gida yana haƙa ya fi masa tura baro a Legas, ko abinci ne ko ɗan kuɗin aiki, sannan diga da amalanken ɗaukar dutse da taki. Akwai manyan shirye-shirye da aka yi domin irin wannan. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya kuma an kafa masa hukuma a 2015. Ga wani shirin gyaran ƙasa mai suna ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 domin jihohin arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya. Fatana shi ne irin wannan ƙungiya ta gindin tsamiya, wadda ta riga ta fara da tiyarta da tiyonta, ita za a riƙa nema a ɗora a kan abin da take yi. Ga kuma matsalar tsaro da kowa ya sani a gabashin jihar da wasu sassan iyaka, akwai garuruwan da malamin gona ba ya iya shiga yanzu, manomi ma gonarsa ta nesa ta gagare shi balle ya yi mata tassa.

Da la'asar na shiga cikin gida gaida Inna matar Baffa, na tarar ashe rabin aikin a hannun mata yake. Su ke tara takin. A bayan ɗaki akwai rami da suke zuba kashin awaki da toka da sharar tsakar gida da ruwan wanke-wanke, ana juyawa har ya ruɓe ya huce, don ɗanyen taki in aka sa a tassa ruwa ya yi jinkiri ƙone shuka yake yi. Ta nuna min murhun laka da suka gina da kansu mai rufaffen gefe, ta ce iccen da take ƙonawa kwana biyu a murhun duwatsu uku yanzu yana kai ta kwana uku ko huɗu, kuma rassan da Baffa ke datsowa daga gona sun rage mata zuwa daji. Ta ce, "Ɗan nan, da sai mu yi tahiya tun swahe neman icce, mu dawo rana tsaka." A gefen wurin wanka ta shuka zogale guda biyar suna shan ruwan da ke gangarowa.

Sai da rana ta yi sanyi Baffa ya kai ni gonar babanmu. Faƙo ne kam, ba ƙarya, fili ja fetal yana ƙyalli, wani kwazazzabo ya fara cin kusurwar yamma. Amma yanzu da idon da na samu tun safe sai na fara ganin wasu abubuwa, ga kututturen sabara nan da can da 'yan ganye, ga kalgo, ga duwatsu zube ko'ina waɗanda da nake ganin su ne shaidar mutuwar gonar. Baffa ya taka wani wuri ya ce nan wani babban gawo yake da, a gindinsa babanku ke ajiye gorar ruwa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Ya miƙo min diga ya ce in gwada. Sara na farko digar ta yi tsalle hannuna ya yi zir har kafaɗa, sai a na biyar ko shida ɓawon ya fashe, ƙarƙashinsa kuwa ƙasa ce sosai. Kafin magariba na haƙa 23, tafin hannuna ya yi ƙulu biyu ɗaya ya fashe. Jikar Baffa ta bi su ɗaya ɗaya tana gyara min kunnen ƙasar don wasu na tara ta a hannun da ba shi ba.

A daren na kira ƙannena daga kan wani tudu inda ake samun sabis, muka daɗe muna magana, ɗaya ya ce shi dai kuɗi yake bukata kuma na fahimce shi, muka shirya zan biya shi rabonsa a hankali. Da safe na je har gida na ba mai saye haƙuri, ya karɓa da mutunci har ya ce in na tashi jan layin duwatsu in yi magana akwai amalankensa. Na bar wa Baffa kuɗin taki mangala ashirin da na shiga ƙungiya da tiyata biyu, aka sa gonar a layin gayya, kashi ɗaya cikin huɗu za a fara da shi.

Na koma a ƙarshen Agusta, wannan karon ni kaɗai. Ba duka ya yi ba. Gefen gabas inda ƙasar ke da yashi ramukan sun cike tun ruwan farko, abokina dama ya faɗa min tassa ba ta jigawa ba ce, ta ƙasa mai tauri ce. Can ƙasa kuma wajen kwazazzabon wani ruwa mai ƙarfi da aka yi a Yuli ya kwanta a ramuka ya ruɓar da geron, Baffa ya ce baɗi dawa za a sa a nan don ta fi jure ruwa. Amma tsakiyar, inda na yi 23 ɗina aka ɗora wasu a kai, gero ne ya fi ni tsawo ya fitar da kai, kowane rami da kurminsa, tsakaninsu kuma jan faƙon na nan yadda yake ko ciyawa babu. Na tsuguna na tura yatsa a gindin ɗaya, danshi har ƙasa, ga gara na ta kai da kawowa. Sabara bakwai da aka bar wa rassa sun kai ƙuguna.

Baffa ya karya zangarniya ɗaya da ta fara ƙosawa ya murje a tafinsa ya hure ya zuba min a hannu, ya ce in kai wa mahaifiyarmu ta gani. Sannan ya ce in an gama sanyi in dawo da diga biyu da ƙanina, saura kashi uku.